Damisar da ta Saba a Falon Kawu

A cikin kayan da kawuna ya dawo da su daga karatu a Amurka akwai wani kwali cike da kaset-kaset na bidiyo. Mu yaran gidan mun saba da fim ɗin Indiya mai waƙa da rawa, da na Cana mai naushi da tsalle, don haka ranar da ya zaro wani kaset ya ce hotonsa baƙi da fari ne, kuma babu faɗa a ciki, sai muka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni ya riƙo wa hannu. "Zauna, ɗan nan. Yau za ka ga damisar da ta saba da mutane."

Fim ɗin shi ne Bringing Up Baby, wanda Howard Hawks ya ba da umarninsa, kamfanin RKO ya fitar a 1938. Cary Grant ne ya fito a matsayin David Huxley, masanin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, wanda ya shafe shekara huɗu yana harhaɗa kwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabba a gidan tarihi. Ƙashi ɗaya tak ya rage masa, gobe ɗaurin aurensa, kuma yana neman gudunmawar dala miliyan ɗaya daga wata attajira. Komai nasa a tsare yake, har sai da ya haɗu da Susan Vance, wato Katharine Hepburn, a filin wasan golf. Ta buga ƙwallonsa, ta shige motarsa ta ja, daga nan kuma bai sake samun sukuni ba.

Turancina a lokacin bai isa ya kamo maganarsu ba, domin kafin wannan ya rufe baki wancan ya buɗe. Kawu ne tafinta, amma dariya ba ta barinsa ya ƙarasa jimla. Har yau ina ganin sa ya jingina da kujera, hula ta zame, yana share hawaye da hannun riga a wurin da rigar Susan ta yage ta baya a tsakiyar manyan mutane, David ya bi ta yana kare ta da doguwar hularsa, ita kuwa ba ta san abin da ake ciki ba. A ƙarshe suka fice a manne, ƙafa na bin ƙafa. Wannan ba ya buƙatar fassara.

Sai ga damisa. Ɗan'uwan Susan ne ya aiko da ita daga Barazil, sunanta Baby, kuma wata waƙa ce ke kwantar mata da hankali. Mu da muka tashi da kirarin damisa ƙi sabo, ganin ta tana goga jiki a ƙafar mutum kamar kyanwa ya ishe mu mamaki. Suka kai ta gidan gwaggon Susan a ƙauyen jihar Connecticut, inda kare mai suna George ya sace ƙashin nan mai daraja ya binne, masani guda ya koma bin kare yana tonon rami. Wata damisar ta gaske, mai cizo, ta kuɓuce daga hannun masu wasa da dabbobi, Susan ta ɗaure ta da igiya ta jawo ta har ofishin 'yan sanda tana yi mata faɗa, a zatonta Baby ce. A nan ne na ji kawu ya ce, "Wanda bai san tsoro ba, tsoro ke jin tsoronsa."

Da na girma na fahimci inda irin waɗannan finafinai suka fito. Talauci ya danne Amurka tun daga 1929, mutane na son su ga masu kuɗi suna tuntuɓe su yi dariya. Daga 1934 kuma aka tsaurara dokar tace finafinai, aka hana nuna abin da zai saɓa kunya, sai masu shirya fim suka mayar da soyayya gardama da guje-guje. Shi ya sa muke iya kallonsa da kawu a falo ɗaya ba wanda ya sunkuyar da kai. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba da ya fito, har masu gidajen sinima suka sa Hepburn cikin jerin taurarin da ba sa jawo 'yan kallo. Amma a 1990 gwamnatin Amurka ta saka shi cikin kundin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne dariyarsa ba ta da mugunta. Ba a wulaƙanta kowa, kowa dai ya rikice ne tsakaninsa da Allah. David yana zaune cikin matattun ƙasusuwa, Susan ta fisgo shi zuwa cikin masu rai. A ƙarshe ta hau dogon tsani ta same shi a saman kwarangwal, tsanin ya fara lilo, aikin shekara huɗu ya ruguje, shi kuwa ya riƙo hannunta gam, ya bar ƙasusuwan suka zube.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, kaset ɗin ma ya daɗe da lalacewa. Kwanan baya na samo fim ɗin a intanet na kunna wa 'ya'yana. Suka fara zamewa, na riƙo hannun ƙaramar. Da aka zo wurin hular nan ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa muryar kawu nake ji a cikin tata.