Icce Tun Yana Ɗanye



A gidajenmu, idan kafaɗar yarinya ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai mu ji ana cewa, "Ke, miƙe bayanki!" Wani lokacin kuwa ba rashin iya zama ba ne. Larura ce da likitoci ke kira sikoliyosis, wato karkacewar ƙashin baya zuwa gefe da digiri 10 ko fiye. Ta fi tsananta ga 'yan mata lokacin balaga.

Yanzu muna yawan jin labarin kairofiraktik, gyaran baya da hannu da D.D. Palmer ya fara a Amurka a 1895. Mu yi masa adalci, yakan rage ciwo. Amma ba ya miƙar da ƙashin da ya karkace.

Abin da muke tsoro shi ne ɓata lokaci. Daga wajen digiri 25, rigar tallafin baya kan hana ƙaruwar karkacewar, muddin yarinya tana girma. Idan ta haura 45 zuwa 50, sai maganar tiyata.

Mu sa ƙannenmu su sunkuya, mu duba. In gefe ɗaya ya yi tudu, mu nemi likitan ƙashi, irin na asibitin Dala a Kano, a ɗauki hoto tukuna.

Allah Ya ba mu lafiya.