Kwanson Harsashi Shida a Aljihun Ɗalibina

Wata Talata muna tsakiyar darasin lissafi a aji shida, sai na ji ƙarar ƙarfe daga bencin baya. Na ɗauka kuɗi ne. Da na ce wa yaron ya zazzage aljihunsa, sai ga kwanson harsashi guda shida, gajeru, rawaya, duk girmansu ɗaya.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Mushe, a bayan gari. Tare na same su, wuri guda."

Ba yau na fara ganin kwanso a hannun yara ba. Mu ma da muka tashi a Agadez lokacin tawayen shekarun 1990 mun yi usur da shi, mun yi dara da shi. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da ya ƙara, cewa akwai mai saye. Wani mutum ne da ke zuwa a kan babur nan unguwarmu ta Dagmanet, yana biyan dala 10 kowane ɗaya. Yana ɗauke da maganaɗisu, wanda ya manne ba ya so. Wanda ya lotse ko bakinsa ya tsage, shi ma ba ya so.

Da la'asar na kai su wurin maƙwabcina, tsohon soja da ya yi ritaya. Ya juya ɗaya, ya duba gindinsa, ya ce, "Malam, wannan na libarba ne." Libarba ita ce ƙaramar bindigar nan mai tulu a tsakiya da ke juyawa. Ya ce Kalashnikov tana watsar da kwansonta gefe duk harbi, ita kuwa libarba tana riƙe nata a ciki har sai mai ita ya buɗe ya zazzage. Shi ya sa yaron ya same su a tare. Ya kuma nuna mini ƴan lambobin da ke gindin. Galibi a nan ake buga alamar masana'anta da girman harsashin, na soja kuma har da shekara. Da irin wannan rubutu masu bincike ke bin sawun makaman da suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011.

Sai na tambaye shi batun maganaɗisu. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yawancin kwanson Kalashnikov da ke yawo a nan na baƙin ƙarfe ne, an shafa masa launi kawai, shi ya sa yake mannewa. Na libarba tagulla ne, kuma tagulla tana jure a sake cika ta. A Amurka ma, in ji shi, abin sha'awa ne ga masu harbin nishaɗi. Suna da shaguna da littattafai da ma'auni, mutum ya tara kwansonsa ya sake cikawa sau da yawa don ya rage kashe kuɗi. Can doka ta san da su. Duk da haka tagullar tana gajiya ta tsage, kuma kuskure kaɗan a awo kan fasa bindiga a hannun mai ita.

A nan na gane abin da ya dame ni. Mai sayen ƙarfe na gaskiya, ɗan jari bola, kilo yake aunawa. Bai damu ko abu ya lotse ba, tunda narkewa zai yi. Maƙeranmu masu ado wa takobi da sirdin raƙumi su ma haka, wuta ce za ta ci. Wanda ke ƙirga ɗaya-ɗaya yana duba baki, to siffar yake saye, nauyin bai dame shi ba.

Ban ce ɗan fashi ba ne. Na san maharban ƙauye da ke sake cika jan kwanson bindigar farauta saboda sabo ya yi tsada, kuma zomo da zabo kawai suke nema. Na san kuma tun da aka sami zinariya a Djado a 2014, mutane da yawa masu bin hanyar arewa suna ganin ba su da kariya sai abin da suka riƙe. Talauci da tsoro ne, na yarda. Amma ba a farautar zomo da libarba. Kuma ko ma wane ne shi, yaro ɗan shekara 12 ya mayar ma'aikacinsa. Yaron da ke tonon rairayi don dala 10 ba ya bambance wanda aka harba da wanda bai tashi ba. Muna yara wani abokinmu ya jefa irin wannan cikin murhu don ya ji ƙara. Har yau tabon na nan a ƙasan idonsa, kuma kowa ya ce ya yi arziki.

Ina cikin taron ranar 25 ga Satumba 2000, lokacin da aka ƙona bindigogi fiye da dubu a nan Agadez a gaban Shugaba Tandja Mamadou, bikin da ake kira Wutar Zaman Lafiya. Ina shirin shiga makarantar horon malamai a lokacin, kuma na yi tafi har hannuna ya yi ja. Mun ga bindigogi suna ci da wuta. Ban tuna wani cikinmu ya tambayi ina harsasan suke ba. Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, amma ita bindiga ake kai mata. Kwanson da ke aljihun yaro bai kai abin da za a rubuta a takarda ba.

Washegari na shiga aji da maganaɗisu da guduma. Mun yi darasin ƙarafa, wanda ke mannewa da wanda ba ya mannewa, sannan na faɗa musu dalilin da mai babur ke zaɓe. Na ce duk wanda ya ga mai kai a jikinsa kada ya taɓa, ya kira babba. Direkta ya sanar da jandarma, ni kuma na je na gaida mahaifin yaron. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce kuɗin nan da su yaron ke sayen alli da biro. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Jandarman da ya zo ya ɗauki biyu, ya bar mana huɗu. Na sa yaron ya daddake su da kansa a kan dutsen bakin aji, na biya shi dala 40 daga aljihuna. Ya karɓa, ya duba tagullar da ta zama faifai, ya ce, "Mushe, in na samo wasu, kai ma za ka saya?"