Gawon bayan makaranta

A ƙauyukan Kalfu, gabas da birnin Tawa, yaro kan san kowace akuya ta gidansu da kamanninta, amma sunayen itatuwa sun fara kuɓuce masa. Mazan Adar ƴan cin rani ne. Da an zuba hatsi a rumbu sai Abijan ko Libiya, kuma wanda zai kama hannun yaro ya bambanta masa kalgo da aduwa ba ya dawowa sai an ji ƙamshin damina.

Wata malamar ajin farko ta ɗauki wannan giɓi a matsayin aikinta. Gawo guda ta zaɓa a bayan makaranta, kowace Litinin ta kai yaran gindinsa, su taɓa ɓawo, su tsinci ƴaƴan da awaki suka rage, su zana abin da suka gani a kan allo. Sai an gama zane take fito da salular da ƙanenta ya aiko mata, yaro ɗaya ya ɗauki hoto, kullum daga kan dutse guda. A nan ba ta sassauci, domin ta lura cewa yaron da ya fara da hoto yakan ɗauka ya gama kallo.

Amfanin salular ya fito ne da aka jera hotunan watanni. Yaran da kansu suka gano cewa gawo yana saɓa wa sauran itatuwa: ya yi kore shar da rani, ya kaɗe ganye idan ruwa ya sauka. Daga nan ba su sha wuyar gane abin da ke sa gero yin kyau a ƙarƙashinsa ba, ga taki, ga rana a lokacin da shuka ke bukatarta.

Sun rubuta ranar da shamuwa ta iso, ta nuna masu a taswira kudancin Afirka inda take komawa. Wata yarinya ta kawo dutse mai siffar ƙwaryar kifin teku daga kan tudu. Da malamar ta ce teku ya taɓa rufe Adar fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce, ajin ya yi dariya, iyaye ma ba duka suka yarda ba.

Abin da suka yarda da shi gorar roba ce da aka yanke, aka yi mata zanen milimita. A ƙasar da ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 400, wannan lissafi ba wasan yara ba ne. Kafin a rufe makaranta, wani dattijo mai gonar tassa ya fara biyowa da safe yana tambayar nawa aka samu daren jiya.