Kwana a tanti a duwatsun Bergen

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Bergen ta ƙasar Norwe tsakanin Yuni da Agusta, shawarata ya nemi tanti, don otal ɗinsu akwai tsada. Dokarsu ta 1957 ta ba kowa, har baƙo, damar kwana biyu a daji kyauta, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Ni na fi son dutsen Ulriken, mai tsayin mita 643, inda kake hango teku ta kutsa tsakanin duwatsu. Fløyen cinkoso ya yi masa yawa. Sai dai a kauce wa tafkin Svartediket, ruwan shan garin ne. An kuma hana hura wuta a daji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Ruwan samansu ya fi na Fatakwal naci, a riƙe rigar ruwa.