Wutar Da Ke Haske Ita Ce Mai Ƙuna

Bahaushe yana kiran lantarki wuta, yana kuma kiran abin da ke cinye gida wuta. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, na daɗe ina tunanin wannan kalma. A ganina hikima ce, domin abin da ya raba wutar haske da gobara ɗan lissafi ne, wanda ko ɗalibin Hausa zai iya yi.

Wani maƙwabcina a unguwar Gandu ta Lafiya, mai karatun kimiyya, shi ya koya mini. Ya ce in ɗauki waya tamkar bututun ruwa. Ƙarfin da ke turo lantarki ana auna shi da bolt. Yawan lantarkin da ke kwarara ana auna shi da amfiya. Turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa kwararar kuwa da om ake auna ta, wato sunan Georg Ohm, malamin nan na Jamus da ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827.

Ga yadda lissafin yake. In ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. In ka ninka bolt sau amfiya, ka sami ƙarfin aikin na'ura, wato wat. A Nijeriya wutar gida bolt 230 ce. To, a ce hitar dafa ruwa tana jan amfiya 5. Turjiyarta om 46 ke nan, ƙarfinta kuma wat 1,150.

Wannan ya warware mini wata damuwa da muke yawan yi. Idan wuta ta zo da rauni, misali bolt 160, turjiyar hitar tana nan kusan yadda take, sai kwarara ta sauko zuwa kimanin amfiya 3.5. Ninka 160 sau 3.5, ka ga wat 560 kacal, bai kai rabin ƙarfinta ba. Shi ya sa ruwan shayi ke ƙin tafasa har lokacin lacca ya yi.

Amma babban abin tsoro yana wajen jona kaya da yawa a soket ɗaya. Filogin nan mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wato wat 2,990. A ɗakunanmu sai ka tarar an jona hita, da dutsen guga mai wat 1,000, da murhun lantarki mai wat 1,500, duk a kan wayar ƙari guda. Jimilla wat 3,650. Raba da 230, ka sami kusan amfiya 16. Kaya ya fi ƙarfin jaki. Kuma in kwarara ta ninka sau biyu, zafin waya sau huɗu yake ninkawa. Idan fiyus ya ƙone aka maye gurbinsa da guntuwar waya, to an kori mai gadi ke nan, saura roba ta narke kusa da katifa da takardun shaida.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu jona komai mu duba jikinsa, akwai wat a rubuce. Mu tara, mu raba da 230. In ya haura 13, mu cire ɗaya, mu yi haƙuri. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu da gobara, amin.