Abin da Ya Wuce 65

Matashin da wannan labari ya shafa ɗan Bukkuyum ne, kuma yana makarantar sakandare a 2010 lokacin da aka fara jin cewa ƙananan yara na mutuwa a 'Yargalma da Tungar Guru. Ya ga motocin likitoci suna wucewa da ƙura a bayansu, amma abin da ya fi zauna masa a rai shi ne yawan fita jana'iza, da yadda mutum ɗaya kan rungumi gawar a hannu ba tare da an nemi makara ba.

Sanadin ya fito fili bayan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta lura da lamarin a watan Maris na shekarar. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta jagoranta a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka mutu a yankin ta haura 400. An kankare gurɓatacciyar ƙasar Tungar Guru, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza tsakanin 2010 da 2011, ita kuwa Bagega sai da ta jira har 2013.

Shi dai ya girma, ya karanci kimiyyar kwamfuta a Sakkwato, ya sami aiki a Kano. A lokutan da ya keɓe wa kansa yana kula da wata 'yar ƙaramar manhaja da ya rubuta, mai tsabtace bayanan lafiya da ma'aikata ke tattarowa daga ƙauyuka da wayoyinsu ta hanyar ODK ko KoboToolbox, kafin a zuba su cikin jadawali. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato duk rubutunta yana GitHub a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya aiko da gyaran a duba. Ba ta kawo masa ko kwabo. Ya san dai irin waɗannan kayan aiki ne ƙashin bayan aikin lafiya a wuraren da babu kuɗin sayen lasisi; tsarin DHIS2 da Najeriya ke tattara bayanan asibitocinta da shi ma buɗaɗɗe ne, daga Jami'ar Oslo ya samo asali.

Da 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira suka bazu a 2025, irin su Claude Code da Codex da na cikin Copilot, bai yi jinkirin gwada ɗaya ba. Bambancinsu da abin da aka saba gani shi ne ba a shawara suke tsayawa ba. Ana ba ɗan aike umarni da magana ta yau da kullum, sai ya buɗe fayiloli ya karanta, ya sauya rubutu, ya kunna gwaje-gwajen da ke tabbatar da lafiyar manhajar, ya duba inda ta faɗi, ya sake gyarawa, har sai komai ya wuce. Ga mutumin da ke aiki shi kaɗai bayan sallar isha'i, yana lissafin cajin batir da ragowar data, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A dare ɗaya ɗan aiken ya warware masa matsalar da ta shekara tana jira: manhajar ba ta gane cewa 'Yargalma da Ƴargalma da Yargalma gari ɗaya ne ba, kuma takan hargitsa jerin sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. Gyaran ya yi kyau, ya karanta shi layi-layi bai sami abin kushewa ba.

Sai aka zo kan wani ƙorafi da ke nuna sauƙi. Idan aka nemi matsakaicin adadin dalma a jinin yaran wani ƙauye, manhajar takan tsaya cik, domin a shafin da ya kamata a sami lambobi zalla, wasu layuka na ɗauke da kalmomi. Ya miƙa aikin ya tashi shan ruwa. Kafin ya dawo an gama. Ɗan aiken ya sa manhajar ta ɗauki duk abin da ba lamba ba a matsayin gurbin da ba a cike ba, ta tsallake shi, sannan ya rubuta sabon gwaji mai tabbatar da hakan, ya kuma haɗa da bayani cikin Turanci mai santsi cewa an kawar da bayanai marasa inganci. Duk gwaje-gwaje sun wuce. Saura ya danna maɓallin amincewa.

Abin da ya tsayar da hannunsa ƙarami ne: a jadawalin gwaji, wanda ba na yaran gaske ba ne, matsakaicin ya fito ƙasa da yadda ya zata. Ya buɗe layukan da aka tsallake, ya ga akasarinsu kalma ɗaya ce, HIGH. Yana da zato a kan ma'anarta, amma ya fi son ji daga bakin wanda ya riƙe na'urar da hannunsa. Da safe ya buga wa kawunsa, tsohon ma'aikacin lafiya da ya yi aikin gwajin jini a waɗancan shekaru.

"Kawu, in na'urar ta rubuta HIGH, kuskure ta yi?"

"Wane irin kuskure, ɗana? Iyakar ƙidayarta ke nan. Waɗannan su ne ɗiyan da ake ɗauka a fara kai wa asibiti."

Na'urar LeadCare II da aka yi amfani da ita a Zamfara tana auna dalma daga maikirogiram 3.3 zuwa 65 a kowace desilita ta jini. Abin da ya wuce haka ba ta ba shi lamba, sai ta ce ya yi yawa. Daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke janye dalma daga jiki, kuma a ƙauyukan nan biyu da aka bincika kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai wannan mataki. Yaran da suka wuce iyakar na'urar sun yi yawan da sai da ma'aikata suka koma surka jinin kafin su iya sanin ainihin adadin. Ke nan gyaran da ya sa manhajar ta daina tsayawa, shi ne kuma zai sa yaran da suka fi kowa kusa da mutuwa su ɓace daga lissafi, ƙauyen da ya fi gurɓata ya bayyana da sauƙi-sauƙi a kan takarda.

Ba za a ce ɗan aiken ya saɓa umarni ba. An ce manhaja ta daina faɗuwa, ta kuwa daina. Sabon ma'aikaci ɗan Adam ma yana iya yin wannan kuskure. Sai dai ɗan Adam yakan yi shi da inda-inda, ya bar alamar shakka, wataƙila ya yi tambaya. Wannan kuwa ya zo da gwajinsa da hujjarsa a shirye, cikin irin tsabtar da ke sa mai dubawa ya saki jiki. Kuma a buɗaɗɗiyar manhaja kuskure ba ya zama inda aka haife shi. Wani zai kwafa ya kai wani aikin, kamar yadda gubar kanta ta sake ɓulla a 2015 a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda aka sake buƙatar irin gwajin da irin jadawalin.

Manyan ayyuka na duniya sun riga shi cin karo da wannan. Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ke kula da curl, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, ya fara kuka tun farkon 2024 kan rahotannin matsalar tsaro da inji ya tsara, masu kama da gaskiya amma babu komai a cikinsu, waɗanda ke cinye lokacin 'yan tsirarun masu dubawa. Gentoo ta haramta gudummawar da aka samar ta wannan hanya a Afrilun 2024, NetBSD ta ɗauki matsayi makamancin haka wata guda bayan nan, QEMU ta bi sahu a 2025. Wani ɓangare na dalilinsu haƙƙin mallaka ne: tun 2004 mai aika gyara ga Linux yake sa hannu cewa yana da ikon bayar da abin da ya aiko, kuma da wuya mutum ya rantse a kan asalin rubutun da bai san inda inji ya tsinto shi ba. Ɗaya ɓangaren lissafi ne kawai. Rubutawa ta yi arha, karantawa tana nan da tsadarta, kuma nauyin ya koma kan wanda ba a biyansa. Shi Stenberg ɗin, a 2025, ya yaba wa wani mai bincike da ya yi amfani da irin waɗannan kayan aiki ya gano kurakurai na gaske masu yawa a curl, domin mutumin ya tantance su da kansa kafin ya aiko.

Matashin bai bi hanyar haramci ba. Gentoo tana da jama'a; shi kuwa daga shi sai kwamfutarsa, kuma in ya ajiye ɗan aiken, matsaloli irin ta haruffa masu lanƙwasa za su koma jiran shekara. Abin da ya yi shi ne ya soke gyaran, ya sake rubuta shi da hannu yadda HIGH za ta zama rukuni mai zaman kansa da ke fitowa a saman kowane rahoto da jan launi. Ya kafa doka cewa manhajar ba za ta taɓa tsallake layi a ɓoye ba, dole ta faɗi nawa ta ajiye da dalili. Ya buƙaci duk mai aiko da gyara ya bayyana ko inji ya taya shi, kuma kada gyaran ya wuce abin da za a karanta a zama ɗaya. Sannan ya buɗe wani fayil da 'yan aiken ke fara karantawa kafin su taɓa komai, ya shiga zuba abin da kawunsa ya sani: iyakar na'ura, yadda ma'aikata ke rubuta sakamakon jinin da aka surka, da cewa Tungar Guru da Tungar Daji garuruwa biyu ne a ƙananan hukumomi biyu. Wayar ta ɗauke su dare uku, domin tsohon ba ya ba da amsa sai ya haɗa da labarin gidan da abin ya faru.

Bayan wasu makonni wani baƙo daga wata nahiya ya aiko da gyara, ya kuma faɗi gaskiya cewa ɗan aike ne ya rubuta. Manufarsa ita ce sauƙaƙa sashen lissafi, kuma a cikin sauƙaƙawar an sake mayar da kalmomi gurbin wofi. Wannan karon gwajin da matashin ya dasa ya faɗi tun kafin ya buɗe saƙon. Ya rubuta wa baƙon godiya, ya bayyana masa abin da HIGH ke nufi a Bukkuyum, ya roƙe shi ya gyara ya sake aikowa.