Ajin Ƙanana Ba Wurin Jiran Sakamako Ba Ne

Duk shekara, da an gama jarrabawar WAEC da NECO, wasu masu makarantun kuɗi na unguwanninmu sukan fara cigiyar ɗaliban da suka kammala, wai su zo su riƙe ajin nazare kafin sakamako ya fito. Tayin da daɗin ji: ga ɗan abin kashewa a ƙarshen wata, ga yara suna kiran mutum Anti ko Malam. Mu 'yan aji shida mun san bana mu ake jira.

Hujjar da ake kawo mana ita ce ai ƙanana ne, waƙa ce kawai da ƙirga. Mu dai ba mu gamsu ba, domin muna da ƙanne a gida. Ɗan shekara 4 ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, sai dai ya yi shiru ko ya fashe da kuka. Malamar da ta san aikinta ce za ta lura cewa wanda ake zargi da taurin kai ba ya ji sosai ne, wancan mai matse ido kuma ba ya hango allo. Wadda ba ta sani ba, bulala za ta ɗauko. Kowa ya iya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a cika tambayar wa aka ba aikin tanƙwarar ba.

Hukuma ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A Najeriya, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Karatun shekara 3 ne a kwalejin ilimi, har da fita koyarwar gwaji a gaban yara, kuma akwai kwas na musamman kan kula da ƙananan yara da ilimantar da su, wanda ake kira ECCE. Bayan nan sai rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta ta kwamfuta kafin a yi masa rajista ya samu lasisi. Ko mai digiri ne, in ba fannin koyarwa ya karanta ba, sai ya ƙara da difloma irin PGDE. To, ina takardar sakandarenmu a wannan layi?

Mun san halin gida, ba kowa ke da ƙarfin ƙin albashi ba, komai ƙanƙantarsa. Wanda dole ta sa ya karɓa, ya nemi a haɗa shi da ƙwararriyar malama ya zama mataimakinta, kada a rufe shi shi kaɗai da ɗaki cike da yara. In ya ji aikin ya kwanta masa, cibiyar NTI ta Kaduna tana ba da NCE ta hanyar karatu daga nesa.

Akwai waɗanda suka riga suka zaɓi kwalejin ilimi a fom ɗin JAMB a cikinmu, kuma ECCE suke so. Abokai na tsokanarsu wai raino za su je koyo, su kuwa sun ce sun ji, rainon ne.